MURA A MAKARANTUNMU: AMANAR DA KE WUYAN IYAYE DA MALAMAI

Wannan shi ne matanin laccar da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar a wajen taron iyaye da malaman makarantun Islamiyya na yankin Kura da Bunkure, a farkon shigowar hunturu. Mun kawo ta ga masu karatu saboda fa'idar da ke cikinta.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Na san a cikinmu akwai wanda ya baro ruwa yana bin gonarsa ta alkama, akwai wanda ya baro tumatir a kwando, kuma wataƙila yana cewa a ransa, "Yanzu a kan mura aka tara mu?" Ban ga laifinsa ba, domin mun saba ɗaukar mura abokiyar zama, ta zo ta yi kwanakinta ta wuce. To ku ba ni aron kunnuwanku in fara da abin da ya faru a hannuna, wanda har yau idan na tuna shi sai in nemi gafarar Ubangiji.

Shekarun baya, ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya ta wannan yanki, wani yaro ya yi mini fashin kwana biyu. Ranar da ya dawo ban tambaye shi dalili ba, na sa aka miƙe shi na zuba masa bulala a gaban 'yan'uwansa. Sai da na kama hannunsa zan zaunar da shi na ji jikinsa zafi rau, idanunsa sun yi ja, majina tana zuba. Darasin da 'yan ajin suka ɗauka a ranar shi ne, ko kana jan ciki ka zo makaranta. Kafin mako ya zagayo tari ke amsa wa tari a ajin, har karatu ba ya jiyuwa. Wata yarinya ta kai murar gida, ƙaninta na goye ya kamu, ta sauka masa a ƙirji, aka yi ta jiƙe-jiƙe da sayen magani a kyamis, ba a kai shi asibiti ba sai da numfashi ya gagara, Allah Ya karɓi abinSa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma ni malami ne, an ba ni amanar yara, kuma za a tambaye ni yadda na riƙe ta.

MECE CE MURA, KUMA TA INA TAKE BI?

Abin da muke kira mura iri biyu ne. Akwai ƙarama, wadda ba ta wuce atishawa da toshewar hanci. Akwai kuma babba, wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, da kasala mai kayar da ƙato. Dukkansu wata ƙwayar cuta ce ke kawo su mai suna bairos, wadda ido ba ya ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa babbar mura tana kama mutum kusan biliyan 1 a kowace shekara, tana tsananta ga miliyan 3 zuwa 5, kuma tana zama sanadin mutuwar mutum 290,000 zuwa 650,000. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da mata masu juna biyu, da masu asma ko ciwon zuciya ko ciwon sukari.

A nan akwai kuskuren da ya kamata mu gyara. Mun gaji cewa sanyi ne ke kawo mura, ko shan ruwan randa da sassafe, ko wanka a kanal. Haƙiƙanin magana, mutum ne ke ba mutum. Idan mai ita ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga murya yana karatu, ƙananan ɗigo suna fita daga bakinsa da hancinsa, na kusa da shi ya shaƙa. Idan ya share majina da hannu ya taɓa allo, ko moɗa, ko buta, ko hannun abokinsa, wannan ya kai nasa hannun ido ko hanci, shi ke nan ta sami sabon gida. Takan yi kwana 1 zuwa 4 a jiki kafin ta bayyana, kuma mutum yana iya raba ta tun ana gobe zai kwanta, har zuwa kwana 5 ko 7 bayan haka. Yara ƙanana sukan daɗe suna raba ta fiye da manya.

To ina laifin hunturu? Laifinsa biyu ne. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da cikin hanci da maƙogwaro, su raunana garkuwar da Allah Ya sanya a wurin. Sa'an nan sanyi yana cusa mu a ɗaki, mu toshe taga da tsumma, mu shaƙi numfashin juna. Hunturu yana buɗe mata ƙofa, amma mu ne muke ɗauko ta mu shigo da ita.

ABIN DA YA KEƁANCI YANKINMU

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan kanal-kanal zuwa Kadawa da kewayenta, Allah Ya yi wa mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ni'imar da wasu ke nema ba su samu ba. Ana noma rani da damina, shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Amma kowace ni'ima tana tafe da nata nauyin.

Lokacin da mura ta fi yawa shi ne lokacin da aiki ya fi yawa. Uba ya fita tun asuba domin kada layin ruwa ya wuce shi. Uwa tana kan tukunyar turara shinkafa ko wata sana'ar. Yaro ya tashi da zazzaɓi, babu mai zama da shi, sai a ce, "Tashi ka tafi makaranta, ka warware a can." A wannan lokaci ne kuma baƙi suke cika yankin, 'yan ƙwadago daga garuruwa masu nisa, da fatake da direbobin manyan motoci da ke lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa kudancin ƙasar nan. Inda jama'a ke kai da kawo haka, cuta ma tana kai da kawo.

Sa'an nan ku dubi yinin ɗanmu guda ɗaya. Da safe yana makarantar boko, cikin aji mai cunkoso. Da la'asar yana Islamiyya, kafaɗa da kafaɗa a kan tabarma, ana ɗaga murya ana hadda. Da dare yana makarantar allo. A tsakani ya je gona kai abinci, ya shiga sahu a masallaci, ya dawo ya kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, wani lokacin har da kakarsa. Yaro ɗaya mai mura yana zaga taro uku ko huɗu a yini guda. Biyu daga cikin waɗannan taruka a hannunmu suke, mu malaman addini, saboda haka babu wanda za mu jira ya zo daga birni ya gyara mana.

DARASI DAGA TARIHI

Dattawanmu sun ba mu labarin shekarar Marisuwa. Wannan annoba mura ce. Ta shigo ƙasar nan ta tashar jiragen ruwa ta Ikko a watan Satumba na 1918, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake har ƙasar Hausa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50. A 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, ta shafi gonakin kaji a nan Kano. A 2009 wata sabuwar mura ta zaga duniya. A 2020 kuwa kowa ya ga yadda korona, wadda ita ma ta hanyar numfashi take bi, ta sa aka rufe makarantu wata da watanni. Ba na kawo waɗannan domin in tsorata kowa. Ina so ne mu gane cewa ɗabi'un da za su kare ɗanka daga murar bana su ne za su kare gari ranar da babbar ta zo, kuma ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo.

MATSAYIN ADDINI

Wani zai ce, "Malam, ai cuta ta Allah ce, kuma akwai hadisin da ya kore ɗaukar cuta." Gaskiya ne akwai shi, kuma ingantacce ne. Amma malamai sun yi bayanin cewa abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya, ta cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta ba da ƙaddarawar Allah ba. Ba a kore sababi ba. Shi dai Manzon Allah (SAW) shi ne ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya a mashaya, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Shi ne ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana na ciki fita. Shi ne ya aika wa wani mai kuturta da ya zo cikin tawagar Saƙifa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an yi musafaha ba.

Ku tuna kuma da Sayyidina Umar (RA), lokacin da ya nufi Sham ya iso Sarga, aka gaya masa annoba ta faɗa ƙasar. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Mu nan ba mu fi Umar tawakkali ba. Manomin da ya ce ya dogara ga Allah amma ya ƙi buɗe wa gonarsa ruwa, kowa ya san abin da zai girba. A ƙasarmu ma magabata ba su raba lafiyar jiki da addini ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Hatta ladabin atishawa an koya mana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa idan Annabi (SAW) zai yi atishawa yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa, ya sassauta sauti. Mun koya wa yara su yi hamdala bayan atishawa, madalla, amma mun bar rabin sunnar a baya.

ABIN DA KE WUYAN MALAMAI

Na farko, kuma shi ne ginshiƙin wannan lacca, kada a sake dukan yaro ko cin tararsa domin ya yi fashi saboda rashin lafiya. A sanar da wannan a fili, yara su ji, iyaye su ji. Yaron da ya zo da zazzaɓi da tari a ware shi gefe cikin tausasawa, a aika gida a zo a ɗauke shi. Kada ya dawo sai ya yi kwana ɗaya cur babu zazzaɓi, ba tare da an danne shi da magani ba. Wanda yake tsoron haddar yaro za ta zube, ya tuna cewa ya zo a Buhari ana rubuta wa mara lafiya ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Shafi biyu da suka wuce shi za a rama a mako guda. Shi ma malami idan ta kama shi ya nemi na'ibi, domin shi ne ke fuskantar aji duka yana ɗaga murya.

Na biyu, a buɗe tagogi ko da ana sanyi, yara su sa rigar sanyi. Idan rana ta ɗaga a fita da darasi inuwar bishiya ko rumfa. Inda cunkoso ya yi yawa a raba aji kashi biyu a makonnin da mura ke yawo.

Na uku, wanke hannu da sabulu. Abin kunya ne a ce ruwa yana gudu a bayan makaranta amma babu inda yaro zai wanke hannu. Ba kuwa ruwan kanal nake nufi ba, domin wannan yana ɗauke da tsargiya da ragowar maganin feshi. A samo ruwan rijiya ko na burtsatse, a huda galan, a rataye shi a kan sanda a bakin ƙofa, a ɗaure sabulu da igiya a gefensa. Yaro ya cuɗa hannu da kyau, ciki da baya da tsakanin yatsu, kimanin daƙiƙa 20, idan ya iso, da kafin cin abinci, da bayan fitowa daga bayan gida, da bayan fyace majina. Alwala tsarki ce kuma tana taimakawa ƙwarai, amma sabulu yana da nasa aikin.

Na huɗu, moɗa ɗaya da yara hamsin ke kafa wa baki a randar makaranta, a canza mata tsari. Kowane yaro ya zo da kofinsa ko gorarsa, moɗar ta zama ta ɗiba kawai. A hana lasar yatsa wajen buɗe shafi, da goge allo ko sileti da yawu, da tofar da kaki a inda ake zama.

Na biyar, a koya wa yara su yi tari da atishawa a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, ko cikin hankici nasu na kansu, ko gefen hijabi. Wanda ya rufe da tafin hannu ya wanke kafin ya gaisa da kowa.

ABIN DA KE WUYAN IYAYE

Ya ku iyaye maza, kwana uku na jinyar yaro a gida ba za su kashe gona ba. A yi shiri tun yanzu da maƙwabta da 'yan'uwa, a san wanda zai zauna da yaro idan ya kwanta. Kada a ce tun da bai je makaranta ba a tura shi korar tsuntsaye ko tsinkar tumatir. Hutu shi ne rabin maganinsa.

Ya ku iyaye mata, a ba shi ruwa da kunu da romo a kai a kai. A raba masa shimfiɗa da kofi, a nisanta shi da jariri da mai ciki da tsoho gwargwadon hali. A nisanta shi da hayaƙin murhu da na ƙaiƙayi, kada kuma a kunna gawayi a rufe ɗaki. Farasitamol daidai da shekarunsa yana sauke zazzaɓi. Zuma tana sassauta tari ga wanda ya haura shekara ɗaya, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ba. Kada a ba yaro mai mura asfirin, domin yana iya jawo masa wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma a sani da yawa daga garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a ƙunshi akwai asfirin a ciki. Kafso da allurar da ake saye barkatai ba sa kashe bairos, sai ɓarnar kuɗi da koya wa wasu ƙwayoyin cuta jure wa magani.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Saboda ruwan da ke kwance a gonakin shinkafa, sauro ba ya yanke mana ko da rani. Don haka zazzaɓin yaro a nan yana iya zama na cizon sauro, ko a haɗa biyun. Kada a yi ƙiyasi. A je asibitin sha-ka-tafi a ɗiga jini a gwada, 'yan mintuna ne.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne: numfashi da sauri, wato sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5; ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi; leɓe ya sauya launi; ya kasa shan nono ko ruwa; yana amayar da duk abin da ya ci; jijjiga; barcin da ba a iya tashinsa; ko zazzaɓin da ya sauka ya sake dawowa da tari mai tsanani. Waɗannan suna nuna cewa abin ya sauka huhu, ko kuwa ba mura ba ce tun farko.

Ku tuna da mashaƙon da ya addabi Jihar Kano a 2023, wanda ya fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Yakan faro kamar mura, da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, sa'an nan wuya ya kumbura, wani farin yaɓi mai duhu-duhu ya rufe maƙogwaro. Ƙyanda ma da majina da jan ido take sallama. Allurar rigakafin babbar mura tana nan, ana sabunta ta kowace shekara, sai dai ba ta cikin jerin waɗanda ake yi wa yara kyauta a asibitocinmu. Amma na mashaƙo da ƙyanda da tarin shiƙa da ciwon huhu suna ciki, kuma kyauta ne. Kowa ya koma gida yau ya duba katin ɗansa.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, ban kawo muku abin da ya fi ƙarfin aljihunmu ba. Galan ne da sabulu, da taga a buɗe, da kofi ga kowane yaro, da bulalar da za a ajiye ranar da mara lafiya ya dawo. Ina roƙon kowane kwamitin makaranta, daga Karfi da Ɗan Hassan har Barkum, ya zauna a cikin wannan mako ya rubuta dokar hutun mara lafiya, ya naɗa malami ɗaya da zai riƙa duba yara a bakin ƙofa da kula da ruwan wanke hannu. Idan aka ga yara da yawa sun kwanta a lokaci guda, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba. Limamai kuma su taimaka mana da ambaton wannan a huɗuba, domin kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sanya albarka a gonakinmu da makarantunmu.